Wane Rabin Za A Bar Wa Jama'a? Yankan Filaye Da Haƙar Shadda A Manduri

A ƙasar Togo, ranar da dangi suka yanke shawarar yanka gonar kakanninsu su mayar da ita filayen gini, rabin gonar ya fita daga hannunsu. Haka doka ta ce. Kashi 50 cikin ɗari na faɗin wurin za su sallama wa hukuma ba tare da an biya su ko dala ba, domin a fitar da tituna, a kuma ware inda za a yi makaranta, ɗakin shan magani, kasuwa da filin wasan yara. Tun a dokar tsara birane ta 24 ga Oktoban 1967 ake da wannan sharaɗi, kuma dokar ƙasa da filaye ta 14 ga Yunin 2018 ta sake tabbatar da shi. Mutumin Kano ko Katsina zai ji abin banbaraƙwai, don a Nijeriya tun 1978 ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana, shi ke yankawa ya raba. A Togo kuwa yawancin ƙasa ta dangogi ce. Su ke sayarwa, hukuma tana gefe tana jiran rabonta.

Rabi ba wasa ba ne. A lardin Ontariyo na Kanada, kashi 5 aka saba karɓa daga mai yanka unguwar zama domin wurin shan iska, a Alberta kuma har kashi 10, ko da yake su ba sa haɗawa da tituna a wannan lissafi. A takarda dai Togo ba ta yi wa jama'arta rowa ba. Sai dai faɗin yawa abu ne mai sauƙi. Tambayar da ke da wuya ita ce wane rabin za a bari, wane kuma za a sayar wa mutane su yi gida. A garin da ke zaune a bakin fadama irin Manduri, ba mai awo ke da amsar ba, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ce ke da ita.

Manduri tana can ƙuryar arewa maso gabashin Togo, a yankin Savanes, kimanin kilomita ɗari gabas da Dapaong. Ita ce hedikwatar gundumar Kpendjal. Burkina Faso tana arewa da ita, Jamhuriyar Benin tana gabas, duk ba nisa. Gurmawa ne mafi yawa a yankin, ga Moba, ga Fulani da shanunsu, ga Hausawa da sauran 'yan kasuwa. Abin da ya fi komai tsara rayuwar garin shi ne kogin Oti. Ruwan da ke gangarowa daga Pendjari ta ɓangaren Benin, da wanda ke fitowa daga Kompienga ta ɓangaren Burkina, duk ta wannan shimfiɗaɗɗen kwari yake bi kafin ya nufi Mango ya zarce tafkin Bolta a Ghana. Damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ruwan ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A waɗannan watanni kogi yakan bar makwancinsa ya malale fadamu, shi ya sa shinkafa ke yi a nan, shi ya sa kuma a 2008 aka sa kwarin Oti da Manduri cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Dattawan yankin ba su manta da daminar 2007 ba, lokacin da ambaliya ta karya gadoji, ta rushe gidajen laka masu yawa, ta ci rayuka a arewacin Togo. Kpendjal tana cikin inda abin ya fi ƙamari.

Da can ba a damu da yankan filaye a irin wannan gari ba. Gida yana nan, gona tana bayansa, daji yana gaba. Abubuwa uku suka sauya wannan. An gyara hanyar da ta taso daga Dapaong ta bi ta Borgou, garin ya daina zama tsibiri da damina. An kuma yi zaɓen ƙananan hukumomi a ranar 30 ga Yunin 2019, na farko tun 1987, ƙasar ta koma ƙananan hukumomi 117, Manduri ta zama mazaunin wadda ake kira Kpendjal 1, da magajin gari da kansiloli. Na ukun shi ne mafi ɗaci. A watan Nuwamban 2021 aka kai hari a Sanloaga, a Mayun 2022 aka kashe sojoji takwas a Kpekpakandi, duk a cikin Kpendjal, kuma tun Yunin 2022 yankin Savanes yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka sun kwaso 'ya'yansu da abin da ya rage na dabbobi sun nufo garuruwa, Manduri da Dapaong da Sinkase. Wanda ya gudo da ransa ba ya tambayar ko fili yana shan ruwa. Inda aka nuna masa, nan zai kafa bukka.

Yadda ake yankan kuwa sananne ne a duk faɗin Togo. Dangi su kira mai awo, ya zana taswira, ya kafa turakun siminti. Sau da yawa ba kuɗi ake biyansa ba, filaye ake ba shi daga cikin waɗanda ya yanka, don haka shi ma yana da riba idan sun yi yawa. Fili cikakke mita 20 ne a faɗi, 30 a tsawo, wato murabba'in mita 600, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya sayi rabi. Bisa ƙa'ida sai ma'aikatar tsara birane ta amince da taswirar kafin a sayar da ko taku ɗaya. A aikace ana sayarwa tukuna, a nemi amincewa daga baya, ko a ƙi nema gaba ɗaya. Mutanen Kano sun san irinsa, awon igiya.

A yi lissafi a ga inda jarabar take. Gona mai hekta 10, idan an ba hukuma rabinta, filaye 83 za ta fitar. Idan aka tsuke tituna aka shafe wurin makaranta, aka bar wa jama'a kashi 30 kawai, sai ta fitar da 116. Filaye talatin da uku ke nan suka faɗo daga sama, kuma babu wanda zai ji zafin rashinsu a ranar. Sai bayan shekara goma sha biyar, lokacin da yaran unguwa suka kai shiga makaranta aka rasa inda za a aza tubali. Ko inda aka cika rabin, akwai wata dabara: a tattara rabon hukuma a kai shi inda babu mai so, bakin kwazazzabo ko tsakiyar fadama. Daga baya idan gari ya cika, wani ɗan dangi ko wani mai ƙafa a ofis ya lallaɓo ya sayar da wannan ɗin ma.

Wannan ba zargi ba ne na baka. A ƙarshen 2024 gwamnatin Togo ta ƙidaya filayen da aka ware wa jama'a a Lome da kewayenta, ta bayyana cewa fiye da kashi 68 cikin ɗari an mamaye su ba bisa ƙa'ida ba, ta ba mazauna shekara guda su tashi. Duk wanda ya zaga Lome ya ga rubutun gargaɗi a jikin katangu, cewa wannan fili ana shari'a a kansa, kada a saya. Rigimar fili ce ta fi cika kotunan ƙasar. A Kano ma an ga yadda aka cike kududdufai aka yi gini a kansu, an ga rusau ɗin shagunan Filin Idi a 2023 da irin asarar da aka tafka. Gyara bayan gini ya tsaya kullum da hawaye yake zuwa, kuma galibi hawayen na wanda ya saya ne da zuciya ɗaya, ba na wanda ya sayar ba.

A nan ne abin ya shafi 'yan zango kai tsaye. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja ayarin Hausawa ke ratsa wannan yanki, ta Sansanin Mango, ta Zugu da Didawure, tsohuwar unguwar fatake da malamai a Sokode. Jikokinsu da waɗanda suka biyo bayansu sun zama 'yan ƙasa, amma ba su da gonar kaka da za su yanka. Saye suke yi. Wanda ke saye shi ake sayar wa fili ɗaya sau biyu, shi ake nuna wa fili da rani, ƙasa ta bushe ƙamas, ya biya, ya yi gini, Satumba ta zo ta nuna masa abin da ya saya.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Babu bututun kwashe ƙazantar gidaje a Manduri, haka ma yawancin garuruwan Togo. Kowane gida shi ke ji da nasa. Ko dai shadda, rami a rufe da daɓen siminti, ko kuma sokawe ga mai hali: ɗaki biyu na siminti a binne, inda kauri ke kwantawa a ƙasa, ruwan ya tsallaka zuwa wani rami da aka cika da duwatsu ya tsotse cikin ƙasa. Mutane da yawa suna zaton siminti ne ke yin aikin. Ƙasar ce ke yi. Ruwan da ya fito daga ramin yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma yayin da yake tsiyaya a hankali ta cikin busasshiyar ƙasa mai iska ne ƙwayoyin ke maƙalewa su mutu. Idan babu wannan busasshen tsakani, babu tacewa.

Don haka ƙasa iri uku ce ke ba da matsala, kuma duka ukun akwai su tsakanin Manduri da Dapaong. Ta farko laka da yumɓun fadama, wadda ba ta shan ruwa. Rami ya cika da wuri, ya tumbatsa, ya malalo tsakar gida ko lungu. Ta biyu ita ce inda ruwan ƙasa ke tasowa da damina har ya kusa fitowa fili. A nan ramin shadda da rijiya ruwa ɗaya suke sha, ko da kuwa ba a gani da ido. Ramin da ba a ɗaure bakinsa da bulo ba ma yakan rufta, da daɓen da ɗakin gaba ɗaya, iyali su koma daji kamar da. Ta uku tana kan tudu, irin na wajen Dapaong, inda dutse yake kusa. Ko dai a kasa haƙa rami mai zurfi, ko ruwan ya sami tsagar dutse ya zarce da gudu ba tare da ya tace ba, ya ɓulla a rijiyar wani can nesa. Gudawar yara, taifot da kwalara ta waɗannan hanyoyi suke shigowa gida.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita, wadda ake kira Sphere, ta ce gindin rami ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa, kuma tsakaninsa da rijiya ya kai mita 30. Yanzu a ɗora wannan a kan filin Togo. Fili mai mita 20 da 30, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta mita 36 ne. Ke nan maigida zai iya cika ƙa'ida ne kawai idan ya kai rijiya wannan lungu, shadda wancan. Rabin fili mai mita 15 da 20 kuwa mita 25 ne iyakarsa, ko ya so ba zai iya ba. Kuma ko mai cikakken filin ya yi nasa daidai, maƙwabcinsa na bayan katanga yana iya manna tasa shaddar a jikin rijiyar. Wannan ba abu ne da mutum ɗaya zai warware a cikin gidansa ba. Tun a taswira ake warware shi: a ce duk layin nan shadda ta koma baya, rijiya ta zo gaba, ko a ce unguwar nan ba a haƙa rijiya, famfo za a kawo, ko kuma a ce wannan gefen ba a yanka rabin fili.

Gwajin ƙasar ba ya buƙatar injin. A haƙa rami daidai zurfin da za a yi sokawe, a cika shi da ruwa ya kwana, washegari a sake zubawa a duba minti nawa yake ɗauka kafin ya sauka. A wurare da dama a Amurka, inda ba a ba da izinin yanka fili a karkara sai an yi wannan gwaji, idan ruwa ya haura awa guda bai sauka santimita biyu da rabi ba, an ce ƙasar ba ta dace ba. Idan kuma ya ɓace nan take, ita ma ba ta dace ba. Akwai ma alamar da ake karantawa da rani. Ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta duk shekara takan yi toka-toka da ɗigon tsatsa. Masu haƙar rijiya da manoman shinkafa na Manduri sun san wannan launi sarai, sun san iyakar inda ruwa ya tsaya a 2007, bishiya bishiya. Ina ganin babban kuskure ne a zana taswirar unguwa ba a zauna da su ba.

Idan aka yi haka, sharuɗɗan nan biyu, na rabon jama'a da na gwajin ƙasa, sai su zama abu ɗaya. Ƙasar da ba za ta ɗauki shadda ba, ita ce ya kamata ta shiga rabon jama'a a matsayin hanyar ruwa, lambu, mashayar dabbobi, kurmin bishiyoyi, da filin ƙwallo da rani. Ba a yi asararta ba, ta yi aikin da ta iya, ta kuma ba ambaliya wurin kwanciya. Amma ba a tsaya nan ba, domin makaranta da asibiti su ma suna buƙatar makewayi, nasu ma ya fi na gida aiki. Dole wani yanki na rabon ya fito daga tudu mai kyau, daga ƙasar da dangi suka fi son sayarwa. Nan ne gardamar gaskiya take, nan ne kuma ake gane ko magajin gari na jama'a ne.

Dapaong da Sokode sun riga sun wuce wannan mararraba. Ƙidayar 2010 ta sami mutum kusan dubu 58 a Dapaong, ta 2022 ta sami fiye da dubu ɗari. A Sokode, tsofaffin unguwanni sun cushe a gefen rafukan Kpondjo da Kpandi, gidaje da yawa babu makewayi. A tsakiyar shekarun 2010 hukumar garin da ƙungiyar Plan International, da kuɗin asusun ruwa na Bankin Raya Afirka, suka yi wani shiri na gina makewayi a gidaje bisa rance, da motar yashe ramuka, da wurin da ake shanya abin da aka kwaso a wajen gari a mayar da shi taki. Tarayyar Turai ma ta sa garuruwan biyu cikin shirinta na ruwa da tsafta, Dapaong a zagayen farko, Sokode a na biyu. Darasin Sokode shi ne rami ba ya gama magana. Ranar da ya cika, mota tana buƙatar titin da za ta shiga, abin da ta kwaso yana buƙatar filin da za a zuba. Duka biyun daga rabon jama'a suke fitowa. Unguwar da aka cinye titunanta, sai dai a yashe da bokiti cikin dare a zuba a kwata.

Inda ƙasa ba ta yarda da rami ba kuma mutane sun riga sun zauna, akwai mafita: shaddar da ake ɗagawa sama da ƙasa a hau ta da matakala, ko mai ɗaki biyu da ake amfani da ɗaya a bar ɗaya ya bushe, ko tankin da aka shafe cikinsa ba ya yoyo. Duk sun fi ramin gargajiya tsada. Gwamnati ta ɗauki alkawarin kawo ƙarshen bahaya a fili nan da 2030, alhali fiye da rabin mutanen karkara ba su da makewayi. Idan aka matsa wa talakan fadama ya haƙa ramin da damina za ta rusa, an ɓata kuɗinsa, an kuma sa ya daina jin maganar ma'aikatan tsafta.

Akwai wani abu da duk mai son ware fili a kwarin Oti ya kamata ya sani. Mutanen nan sun taɓa ganin hukuma ta ware ƙasa, kuma ba su ji daɗi ba. A zamanin Janar Gnassingbe Eyadema an faɗaɗa gandun dajin Keran, aka kafa na Oti da Manduri a farkon shekarun 1980, aka tashi ƙauyuka da ƙarfi, aka hana noma da kiwo da su, aka azabtar da mutane a kan naman daji. Da mulki ya yi rauni a farkon shekarun 1990, jama'a suka koma cikin gandun. A 2011 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da take karewa, amma da aka zo farfaɗo da gandun a Nuwamban 2015, Mango ta tashi, aka rasa rayuka, gwamnati ta dakatar da shirin. Dattijon da ya ga wannan, idan aka ce masa ya bar rabin gonarsa, ba makarantar jikokinsa yake hangowa ba, ma'aikacin gandun daji yake tunawa. Ban ga laifinsa ba. Nauyin yana kan hukuma ta nuna masa cewa wannan karon filin na unguwarsa ne.

Abin da zai taimaka shi ne tunanin ba baƙo ba ne. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin hurumi, da burtali, da makiyaya, da filin Idi, da maƙabarta, wuraren da ba na kowa ba kuma na kowa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan mallakar ƙasa, inda ya yi bayanin hurumin gari da na rijiya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwan ko masu ɗiba ba. Gurmawa da Moba su ma suna da kurmin da ba a sara, da masu kula da ƙasa da ake jin maganarsu. Waɗannan wurare sun daɗe ba don takarda ba, sai don kowa ya san iyakarsu kuma ana amfani da su kullum. Filin hukuma da aka bari ciyawa ta rufe, babu allo babu shaida, shi ake sacewa. Wanda aka kewaye da dogon yaro ko mangwaro tun shekarar farko, samari suka kafa ragar ƙwallo, mata suke shanya hatsi, liman da fasto da mai unguwa suka san da shi, mai sayarwa zai sha wuya kafin ya sami mai saye.

An sake zaɓen kansiloli a Yulin 2025. Ƙaramar hukuma irin Kpendjal 1 ba ta da kuɗin kirki, ga matsalar tsaro ta cinye hankalin kowa, kuma amincewa da taswira ba a hannunta kaɗai yake ba. Amma akwai abin da take iyawa da ɗan abin da ke hannunta. Tana iya buɗe rajistar filayen jama'a ta manna taswirar a bangon ofis da bakin kasuwa, ta sa a karanta a masallatai da coci-coci da Gurmanci da Moba da Hausa da Fulatanci. Tana iya ƙin sa hannu a kan takardar cinikin duk filin da ba a nuna mata rabon jama'a na gonar da ya fito ba. Tana iya tura mutum biyu da fenti da turaku a ƙarshen Satumba su bi gefen gari su yi wa iyakar ruwa alama, su leƙa rijiyoyi su auna zurfin ruwan, a rubuta a ajiye shekara bayan shekara. Waɗanda suka gudo daga ƙauyuka kuma, idan za a ba su wurin zama, a ba su a sama da wannan alama, da titi mai faɗin da mota za ta shiga, domin da yawansu ba za su koma ba.